Wasika zuwa ga Edita: Keken burji a yankin tafkunan Ingila, da burtalinmu da aka cinye

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, Allah ya kara basira. Ni dan Zariya ne amma aiki ya kawo ni arewacin Ingila, shekara ta shida kenan ina aikin jinya a wani asibiti a nan, kuma duk da nisa ban fasa karanta ku a waya ba, musamman in na taso daga aikin dare barci ya ki zuwa. Ina rokon ka dan ba ni fili in yi magana a kan keke. Na san wani zai ce duk matsalolin da suka dabaibaye mu a rasa abin rubutowa sai keke, toh a yi hakuri a karanta tukuna.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye kasa da naira 200 ta haura 500 daga baya ma ta tsallake dubu, duk wanda na yi waya da shi a gida sai ya ce min wane ya jingine mota, wane ya ajiye mashin ya koma keke, kuma yadda ake fadin maganar kamar jaje ake yi, "wane fa abin ya yi zafi, keke yake hawa yanzu". Kwanaki kanina yace min ya sayi keke amma ba ya zuwa ofis da shi, na farko kunya, na biyu tsoron titi, yace Yaya in ka ga yadda masu tifa da 'yan adaidaita ke matse mutum a hanyar Samaru ba za ka ce in hau ba. Maganar kunya na yi masa fada a kai. Maganar tsoro kuwa shiru na yi domin gaskiyarsa ce, kuma ita ce ta sa na zauna nake wannan rubutu, saboda ni na ga inda aka raba keke da mota kuma na ga abin da hakan ke yi wa mutum.

Yadda abin ya faro, shekara biyu da suka wuce likita ya auna ni yace jinina yana hawa sukari ma ya zo bakin kofa, dole in rika motsa jiki. Na yi rajista a gidan motsa jiki na je sau uku na daina, gudu a kan inji kana kallon bango bai karbe ni ba sam. Akwai wani dattijon Bature da muke aiki tare, ya haura sittin amma in ka gan shi a tsaye kyam sai ka ce dan arba'in ne, shi ne yace min ranar hutunmu in zo mu je Lake District, wato yankin tafkuna da ke Cumbria can arewa maso yammacin Ingila, zai ara min keke. Nace masa rabona da keke tun ina sakandare kuma ni tsoron motocin nan nake. Yace inda zan kai ka ba mota.

Keken da ya aro min irin wanda yanzu ake yayinsa ne a Turai da Amurka, sunansa a turance daga tsakuwa aka samo shi, ni dai keken burji nake ce masa domin hanyar da aka yi shi dominta ita ce hanyar burjin da muka sani, ba kwalta, tsakuwa da kasa da dan rami nan da can. Kansa a lankwashe yake kamar kahon rago irin na keken tsere, amma tayarsa ta fi ta tsere kauri, ta tsere milimita 25 zuwa 28 ce shi kuma wannan 38 zuwa 45, tana da 'yan hakora kuma ba a cika mata iska tam, ana barinta da dan laushi don ta rika shanye tsakuwa maimakon ta rika jijjiga ka. Birkinsa na faifai ne irin na mashin, yana kamawa ko cikin ruwa da laka, ga giya mai laushi da za ka saka ka hau tudu a zaune. Wasu ma ba tub a ciki, wani ruwa mai danko ake zubawa a tayar, in kaya ta huda sai ya toshe da kansa kana tafe.

Ina rike da keken nan Malam Edita sai Babanmu ya fado min a rai, Allah ya jikansa. Bakin Raleigh gare shi mai birkin karfe da kariya a baya, da shi yake zuwa gona da shi yake kai buhun masara kasuwa, ni a kan bututun gaba kanina a kariya. Da na koma gida na duba girman tayar irin wadancan kekunan, inci 28 da fadin inci daya da rabi, ka lissafa za ka ga milimita 38 ne zuwa 40, daidai da tayar da ake sayar wa mutane yau a matsayin sabon abu. Wallahi sai da na yi shiru. Bambancin dai na Baba ya kai kilo 20 kuma giya daya ce, wannan kilo goma ne ko kasa. Amma hawan burji da taya mai kauri, iyayenmu sun yi shekaru suna yi tsakanin kauye da kauye, ba wanda ya taba ce musu wasa ne ko gwaninta. Yanzu har gasar duniya ake yi, an fara ta a 2022 a Italiya, a Amurka kuma akwai tseren mil 200 da ake yi a garin Emporia na jihar Kansas tun 2006. Su ma nan Ingila ba yau suka fara ba, akwai wata kungiya Rough Stuff Fellowship da aka kafa tun 1955 ta masu bin hanyoyin duwatsu da keke, tun kafin a kirkiro wa abin suna.

Bari in ba ka labarin ranar farko tunda gani ya kori ji. Jirgin kasa muka hau muka canza a Oxenholme muka sauka a garin Windermere, muka gangara Bowness bakin tafki. Wannan gefen cike yake da motoci da 'yan yawon bude ido, hayaniya kamar tasha, har na fara cewa a raina ina shirun da aka yi min alkawari. Tafkin Windermere shi ne mafi girma a Ingila, siriri ne dogo, tsawonsa wajen kilomita 17, kuma a tsakiyarsa akwai jirgin fito da ke jan kansa a kan igiyoyin karfe daga wannan gaba zuwa waccan, yana daukar motoci da kekuna da masu kafa, bai fi minti goma ba an tsallake. Da muka sauka motocin da aka fito da su suka yi gaba suka haura tudu, mu kuma muka karya dama muka bi bakin ruwa. Dan guntun kwalta ne da farko, sai ya kare, sai tsakuwa, sai muka shige cikin itatuwa.

Abin da na fara lura da shi kunnena ne. Ba hon, ba karar inji a bayanka da zai sa ka rika waige kana makale kafada. Karar tayarka kawai kake ji a kan tsakuwa, kurus-kurus-kurus, da ruwa yana dan bugun duwatsun gaba ta hannun dama, da tsuntsaye. Ban san na saba tafiya a dunkule ba sai ranar, domin mun yi kamar kilomita biyu sai na ji kafadata ta sauka da kanta, hannuna ya saki rikon da na yi wa keken. Muka wuce wata mata da 'ya'yanta biyu, karamar ba ta fi shekara biyar ba tana tuka dan kekenta tana tangadi a tsakiyar hanya, uwar na baya ko a jikinta, ba ta daka mata tsawa ba ba ta ce matsa gefe ba, saboda ba abin da zai zo ya kwashe ta. Na dade ina tunanin yarinyar nan. Yaushe rabon da uwa a Sabon Gari ko Tudun Wada ta saki 'yar shekara biyar a kan keke hankalinta kwance?

Kilomita shida ko sama da haka kadan muka isa Wray Castle, wani katon gida mai kama da ganuwa da wani likita mai ritaya daga Liverpool ya gina a wajen 1840, yanzu yana hannun National Trust, wata kungiya mai adana wuraren tarihi da filaye don amfanin jama'a. Daga nan muka bar bakin ruwa muka shiga gonaki zuwa kauyen Hawkshead, kuma a nan ne na ga abin da ya fi tsaya min a rai. Hanyar ta ratsa ta cikin makiyayar mutane ne, filin wani ne da tumakinsa, an kewaye da katangar dutse da aka jera ba siminti ba laka, dutse kan dutse kawai kuma ta yi shekaru aru-aru a tsaye. In ka zo karshen fili sai ka tarar da kyaure, ka sauka ka zare sakata ka wuce ka mayar ka rufe. Na kirga kyaure ya fi goma a ranar. Na farko da na wuce na manta ban rufe ba, dattijon nan ya tsaya yace koma ka rufe, in tumakin mutumin nan suka fita mu ne muka ci amanarsa, kuma gobe shi zai fara kin jinin masu keke. Ka'idar ita ce ka bar kyaure yadda ka same shi. Tumakin nasu wani iri ne da ake kira Herdwick, ana haifarsu baki sai su rika yin toka-toka suna girma fuskar ta yi fari, kowane mai garke da kalar fentin da yake shafa wa nasa a gadon baya, kuma a can saman duwatsu inda ba shinge kowace tunkiya ta san iyakar wurin kiwonta, a wurin uwarta ta koya. Duk wanda ya zauna da Fulani zai gane wannan ba sai an yi masa bayani ba.

Daga Hawkshead akwai hawa mai tsanani zuwa dajin Grizedale, a nan kam na sauka na tura, numfashina kamar zai dauke, dattijon yana gefe yana cewa ba gaggawa, turawa ma tafiya ce. Da muka kai sama muka shiga hanyoyin gandun dajin, burji ne mai fadi da aka yi don motocin daukar katako amma an sa shinge a bakin hanya, motar kowa da kowa ba ta shiga. Ka hau ka gangara ka hau ka gangara, sai a wata kwana itatuwa suka bude, ga tafkin Coniston can kasa shimfide kamar an ajiye faranti, ga dutsen da suke kira Old Man of Coniston mai tsawon mita 803 a bayansa hazo ya rufe masa kai. Subhanallah kawai na iya cewa. A wurin na yi alwala da ruwan wani dan rafi, sanyinsa har cikin kashi, na duba alkibla a waya, a nan kudu maso gabas ake fuskanta, na shimfida rigar ruwata a kan ciyawa na yi azahar, abokin tafiyata ya koma gefe ya zauna shiru yana shan shayinsa har na sallame. A hanyar dawowa kaya ta huda min tayar baya, nawa mai tub ne, muka cire muka nemo hujin a dan kududdufi kamar yadda masu faci ke yi a kofar Doka, ya fito da faci da sholisho daga 'yar jakar da ke karkashin sirdi, warin sholishon nan kadai sai da ya mayar da ni gida. Wayata ta nuna mun yi kilomita 35 da 'yan kai. Kwana uku cinyoyina na ciwo, amma a daren na yi barcin da na dade ban yi irinsa ba, kuma kafin wata ya kare na sayi nawa na hannu.

Toh ga inda nake so masu karatu su tsaya da ni. Da farko na dauka kirkin manoman ne ya sa suke barin mutane su ratsa musu fili. Ashe doka ce, kuma ba a sama aka same ta ba. A da masu manyan filaye sun rufe duwatsu sun hana talaka shiga, sai a watan Afrilun 1932 daruruwan ma'aikata, yawancinsu daga Manchester, suka yi gangami suka hau wani tsauni da ake kira Kinder Scout da gangan ba izini, aka kama wasu aka daure biyar. Irin wannan fafutuka ce ta kai ga dokar 1949 wadda ta kafa gandayen kasa, ta kuma tilasta wa kananan hukumomi su zana duk wata tsohuwar hanyar jama'a a taswira ta hukuma. Lake District ya zama gandun kasa a 1951, a 2017 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Hanyoyin kala-kala ne, akwai ta masu kafa zalla wadda keke ba shi da hakkin bi, akwai hanyar dawaki wadda dokar 1968 ta ba mai keke damar bi da sharadin ya kauce wa mai kafa da mai doki. Shi ya sa za ka ga mai keke ya rage gudu ya kada kararrawa ya yi gaisuwa kafin ya wuce. In hanya na cikin taswirar nan, mai gona ba shi da ikon ya toshe ta ko ya sa mata kwado, ko fili ya canza hannu sau goma hanyar na nan. Ga kuma masu kyauta, National Trust da aka kafa a 1895 tana rike da sama da kashi daya cikin biyar na yankin, kuma wata marubuciya Beatrix Potter da ta rasu a 1943 ita kadai ta bar musu wajen eka 4,000 da gonaki, abin da mu za mu kira wakafi.

Da dattijon nan yake min bayanin hanyar dawaki, nace masa ai mu ma muna da ita, sunanta burtali. Hanya ce tsakanin gonaki da kowa ya san ba ta kowa ba ce, shanu su bi, mai jaki ya bi, mai keke ya bi, 'yan mata masu tallan nono su bi. Burtalin da ke bayan gonar Babanmu a da shanu na wucewa a jere ba sa taba shuka, zuwana gida na karshe na je na tsaya a wurin, wannan ya ci taku biyu wancan ya ci taku uku har ya koma 'yar siririyar turba da ko amalanke ba za ta wuce ba, gaba kadan ma an dasa harsashin gini a kai. Kowa ya san irin rigimar da cinye burtali ya jawo tsakanin manoma da makiyaya, an yi asarar rayuka, ba sai na tsaya fada ba. Abin da nake karawa a kai shi ne ba makiyayi kadai aka cuta ba, an cuci dan makaranta da zai bi ta nan da kekensa ya isa aji ba tare da ya hau babban titi ba, an cuci tsoho mai zuwa gona. Mun tura kowa kan kwalta daya, tirela da tifa da mashin da keke da akuya, sannan mu ce mutane ba sa son keke.

Masu shekaru za su tuna marigayi Ojo Maduekwe lokacin yana ministan sufuri zamanin Obasanjo, ya dage sai 'yan Najeriya sun koma hawa keke har shi da kansa ya rika hawa a Abuja, karshe mota ta ture shi ya fada kwalbati. Mutane suka mayar da abin abin dariya. Ni ban ga abin dariya ba, mutumin ya fadi gaskiya, abin da ya rasa shi ne hanya. Haka duk ranar 3 ga Yuni, ranar keke ta duniya, za ka ga manya sun fito da hular kwano an tare musu titi da jiniya sun zaga an dauki hoto, washegari titin ya koma hannun masu shi.

Akwai wata hanya kuma da nake yawan zuwa da iyalina, can arewacin yankin, daga garin Keswick zuwa kauyen Threlkeld. Tsohon layin dogo ne da aka rufe a 1972, maimakon a bar shi ya zama juji ko a yanka filaye a sayar sai aka mayar da shi hanyar masu kafa da keke, kilomita biyar, tana bin kogin Greta tana tsallaka shi a kan gadoji, ga tsaunin Blencathra a gabanka. Da yake jirgin kasa ba ya son tudu hanyar a mike take ba wahala. A Disambar 2015 aka yi wata ambaliya, ruwan saman da aka auna a Honister, wani wuri cikin duwatsun yankin, cikin awa 24 ya kai milimita 341, ya tafi da gadoji biyu na hanyar. Sai da aka shekara biyar kafin a gama gyara, aka kashe kusan fam miliyan 8, aka sake bude ta a Disambar 2020, saboda hanyar da ko mota daya ba za ta bi ba. An yi ta cece-kuce domin kwalta aka zuba mata, mutanen garin da yawa suka ce an bata musu kamannin daji. Ni mai son burji ne amma a nan ina bayan masu kwalta, domin na ga wani tsoho a keken marasa lafiya jikarsa na tura shi har tsakiyar kwarin yana kallon ruwa, da tsakuwa ce ba zai kai wurin ba. A kan wannan hanya matata ta koyi keke tana da shekara talatin da wani abu, da hijabinta, ba wanda ya kalle ta sau biyu.

Duk sanda na bi ta sai in tuna mu ma muna da irin wannan layi. Turawan mulki sun shimfida wani karamin layin dogo daga Zariya zuwa Jos har Bukuru saboda kwasar kuza, ya bi ta Rahama, an gama shi a 1914 aka rufe a 1957, sama da kilomita 200, daga shimfidaddiyar kasar Zazzau ya haura har saman Filato. Kuma duk wanda ya san Jos ya san in ana maganar tuddai da tafkuna da iska mai sanyi ba za mu ji kunya ba, ga duwatsun Shere, ga tafkunan da hakar kuza ta bari a wajen Rayfield da Bukuru. Ko a nan kusa, daga Kufena zuwa bakin madatsar Shika, ko kewayen Tiga. Allah ya ba mu wurin.

Ba zan boye ba, ba komai ne zuma ba a can. Ruwan sama ba ya sallama, akwai wani kauye Seathwaite da ke samun sama da milimita 3,000 a shekara, ka fita da rana tsaka ka dawo jike sharkaf laka har gira, da hunturu kuma karfe hudu duhu ya yi, ko da yake a watan Yuni sai wajen goma na dare rana ke faduwa ka yi ta tafiya. Wasu hanyoyin burjin ma, kamar wajen Tilberthwaite, doka ta bar masu manyan jif da babura su bi, kuma mazauna wurin sun dade suna korafi suna neman a hana. Keken shi kansa in sabo ne mai dan kyau sai ka ajiye wajen fam dubu, abin da ni ban ga dalilinsa ba ga mai farawa, na sha ganin mutane da tsofaffin kekuna suna wuce masu tsadar a kan tudu. Sannan babbar magana, na san halin da dazukanmu ke ciki. Ba zan zauna a nan cikin aminci in ce wa dan wani ya dauki keke ya shiga daji a Birnin Gwari ko Zamfara ba, Allah ya kawo mana karshen wannan masifa. Amma ba ko'ina ne daji ba, kuma filin da aka cinye yau ko zaman lafiya ya dawo gobe ba zai dawo ba, gini ya riga ya hau kai. Shata hanya a rubuta ta a taswira ba ya bukatar biliyoyi, mai unguwa da dagaci da hakimi sun san inda kowane burtali ya bi, dattawan da suka san iyakokin suna nan da ransu amma kullum raguwa suke.

Don haka rokona gare ka Malam Edita guda biyu ne. Ka tura wakilinku na Zariya ko na Jos ya bi sawun tsohon layin kuzan nan ya gano mana abin da ya rage, ina aka yi gini ina aka noma ina yake nan, ya dauko hotuna ya tambayi tsofaffin garuruwan da ya ratsa. Sannan in ana hira da shugabannin kananan hukumomi da 'yan majalisar jiha a rika tambayarsu burtali nawa ne a yankinsu kuma a wace takarda aka rubuta su. Su kuma matasan da nake gani a Facebook suna fita da kekuna rukuni-rukuni ranar Asabar a Kano da Kaduna da Jos, Allah ya yi muku albarka, ku gwada barin kwalta ku bi hanyoyin kauye inda aka tabbatar lafiya lau ne, ku yi sallama ga mutanen gona, kar ku taka shuka, ku rika ajiye taswirar inda kuka bi a waya kuna tura wa juna.

Kanina kuma na ce masa ya rike kekensa kar ya sayar. In Allah ya kai mu hutun karshen shekara zan zo da tayoyi biyu masu kauri da famfo da kayan faci, mu fita da sassafe bayan asuba ta bayan gari mu nufi wajen Kufena, in nuna masa inda Baba yake sauke mu mu tura in yashi ya yi yawa.

Na gode da wannan fili, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Wani dan Zariya mazaunin arewacin Ingila